Jan Biron Zaituna

Asabar, 9 ga Agusta, bayan la'asar

Na koma karatu yau bayan mako biyu ban je ba. Daga ƙauyenmu zuwa Kabo a babur, daga Kabo zuwa Gwarzo a mota, ga taɓo har ƙauri a wajen kwalbatin da ruwa ya karya. Da na san abin da ke jirana da na yi zamana a gida.

Malam Ubaidullahi, wanda ke duba mana furojet, wato aikin binciken kammala karatu, ya ɓullo da sabon salo. Wai ba zai ƙara karanta babin kowa ba sai wani ɗan aji ya fara karantawa ya yi masa gyara a rubuce. Ya ce haka masana ke yi wa juna kafin a buga aikinsu. To mu masana ne? Ni ma'aikaciyar lafiya ce a asibitin sha-ka-tafi, na zo ƙaro karatu ranakun Asabar, ban zo a haɗa ni da yara ba.

Da Zaituna ya haɗa ni, 'yar garin Jama'a, wadda ke zama a bencin gaba tana ɗaga hannu tun ba a gama tambaya ba. Lokacin da na fara aiki ina jin ko firamare ba ta gama ba. Na miƙa mata babina huɗu, ta miƙo mini nata, sannan ta rage murya ta ce, "Anti Uwaliya, ya ƙarin haƙuri? Na ji abin da ya faru." Na ce da godiya, na juya na nemi wurin zama.

Aikina a kan abin da ke hana masu ciki zuwa awo ne a ƙauyukan Gammo. Tun bara na zaɓe shi. Babi na huɗu kuwa a cikin makon nan biyu na rubuta shi, ban ko tsaya numfashi ba. Ba abin da yarinyar nan za ta gaya mini a kai.

Lahadi, 10 ga Agusta, da hantsi

Na biya gidan Inna. Ta ɗora tukunyar ruwan wanka, safe da yamma take yi, kamar yadda ake yi wa kowace mai jego. Ƙanwata Ihsan tana ɗaki. Na gaishe ta daga bakin ƙofa, ta amsa daga ciki. Ban shiga ba.

Asabar, 16 ga Agusta, bayan magariba

Takarduna sun dawo kamar an yanka kaza a kansu. Jan biro ko'ina. A gefen shafi, a ƙasan shafi, har a bayan takarda inda ba ni da rubutu.

Abin da ya fi ba ni haushi wata 'yar tambaya ce da ta yi ta jerawa: "Wa ya ce?" Na rubuta cewa yawancin matan karkara ba su san amfanin awo ba. Wa ya ce? Na rubuta cewa jahilci da taurin kai su ne tushen matsalar. Wa ya ce? Ta zagaye kalmar jahilci duk inda ta gan ta, shafin ya koma kamar mai ƙyanda.

Na same ta ƙarƙashin darbejiyar bakin aji tana cin gyaɗa. Na ce, "Ni na ce. Ni nake zaune a asibitin nan tun kafin ki san mene ne awo."

Ta tashi tsaye, ta goge hannunta a hijabi. "Na yarda kin sani, Anti. Amma wanda zai karanta bai zauna a asibitin ba. Ki nuna masa inda kika samo."

"To ki yi mini gyaran Turanci kawai ki bar sauran."

"Turancinki ba shi da matsala sosai. Babi na biyu ma ya burge ni, inda kika kwatanta ƙauyukan da hanyoyinsu, kamar ina ganinsu. Na huɗun ne dai kamar ba mutum ɗaya ya rubuta su ba. Kamar faɗa kike yi da wata."

Na karɓi takarduna na tafi tasha. A mota wani ya ɗora mini buhun barkono a ƙafa, na yi ta atishawa har Kabo.

Litinin, 18 ga Agusta, da azahar

Faɗa da wata. Ji rashin kunya.

Talata, 19 ga Agusta, bayan an tashi daga aiki

Ranar awo. Benci biyu, ɗaya ma bai cika ba. Na auna, na duba jini, na ba da magani, na yi faɗan da na saba yi wa masu fashin zuwa.

Da aka watse na ɗauko takardun daga jaka don in nemo inda Zaituna ta yi kuskure in nuna mata. Ta ce akwai marubutan da na ambata a cikin aiki amma ba su cikin manazarta. Na duba, babu su ɗin. Ta ce akwai jimlar da ta cinye rabin shafi ba aya. Na karanta ta da ƙarfi, numfashina ya ƙare kafin in kai ƙarshenta. Malam Jalo, abokin aikina mai rigakafi, ya leƙo ya ce lafiya nake magana ni kaɗai? Na ce lafiya lau.

Waɗannan ƙananan abubuwa ne. Kowa zai iya gani. Ba su nuna ta fi ni sanin matan garinmu ba.

Alhamis, 21 ga Agusta, da yamma

Na karanta na Zaituna. A kan wanke hannu a makarantun firamare take rubutu. Manyan kalmomin Turanci kamar duwatsu a cikin shinkafa, kowane layi sai ka ci karo da guda. Shafi bayan shafi wane ya ce, wance ta ce, ita kuma ba ta ce komai ba. Na sayi jan biro nawa a shagon bakin kasuwa. Na rubuta mata "Ban gane ba" a wurare da yawa, na ji daɗi kuwa.

Musbahu, mijin Ihsan, ya zo gidan Inna da lemo a leda. A zaure ya zauna, kansa a ƙasa. Inna ta ce ragon sunan da ya tanada ya mayar wa yayansa, ba ya iya jin kukansa a gida. Na ce to. Na wanke mata tukwane na fito.

Ban shiga ba.

Asabar, 23 ga Agusta, bayan la'asar

Malam Ubaidullahi ya karɓi gyaran da kowa ya yi wa ɗan'uwansa ya duba. Da ya zo kan nawa ya cire tabarau ya ce, "Malama Uwaliya, 'ban gane ba' ƙorafi ne, ba gyara ba ne. Me ba ki gane ba? Me za ta yi ki gane? Koma ki zauna da ita."

A gaban aji. Ni da nake da 'ya'ya a sakandare.

Muka koma bayan aji. Na ce mata gaskiya ita ce, na karanta babin duka ban ji muryarta ba. Na ce, "Ajiye takardar. Gaya mini da Hausa, me kika gani a makarantun?" Sai ga yarinya tana zuba. Wai akwai makarantar da aka kai musu bokitai masu famfo, hedimasta ya kulle su a ofis don kada yara su fasa. Na ce, "Ina wannan a cikin aikin?" Ta ce ta ɗauka irin wannan ba na ilimi ba ne. Na ce wannan shi ne aikin, sauran duk ado ne. Ta rubuta abin da na faɗa kamar wani malami ne ya faɗa. Ban san me ya sa hakan ma ya ba ni haushi ba.

Daga nan ta juyo kaina. Ta ce, "Anti, matan da suka amsa tambayoyinki, a ina kika same su?"

"A asibiti mana. Ranar awo."

"Kenan waɗanda suka zo kika tambaya me ya sa ba a zuwa."



Wata shida ina wannan aiki. Malam ya sa hannu a kan tambayoyin, bai gani ba. Ni ban gani ba. Sai mai cin gyaɗa.

Lahadi, 24 ga Agusta, da safe

Ruwa tun asuba. Ban fita ba. Na buɗe babi na huɗu na rufe.

Talata, 26 ga Agusta, bayan magariba

Bayan aiki na bi gida gida wajen waɗanda na san suna da ciki ba sa zuwa. An shimfiɗa mini tabarma, an kawo ruwa, an kawo fura. An yi mini gaisuwa, kowace sai ta yi mini, ni kuma ba gaisuwa ta kai ni ba.

Me ya sa ba kya zuwa awo? "Ba komai, Malama." Maigida ne ya hana? "A'a, ba ruwansa." Nisa ne? "E to, da ɗan nisa." Gidan da ake hango rufin asibitin daga ƙofarsa. "In Allah ya yarda zan zo mako mai zuwa."

Altine ma, wadda muka yi wasan ƙasa tare, haka ta yi mini. Ta yi ta gyara ɗankwali tana kallon kajinta.

Na dawo da takarda cike da "ba komai". Wane babi za a rubuta da ba komai?

Alhamis, 28 ga Agusta, da azahar

Ni na kira Zaituna. Ina rubuta wannan don in tuna ni na fara kira, ba ita ba.

Na gaya mata shawararta ba ta haifar da komai ba. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Anti, kada ki ji haushi. Ke ce asibitin. In akwai abin da ba sa so a can, ba ke za su gaya wa ba." Ta ce in na yarda za ta zo ran Lahadi ta yi musu tambayoyin ita, tunda ba su san ta ba, ni kuma in je Jama'a wani makon in taya ta da malaman firamare, su ma ba sa ɗaukarta da muhimmanci. Ta ce ta riga ta tambayi Malam, ya ce ya halatta in dai na bayyana haka a babi na uku.

Ta riga ta tambaya. Kafin ma in yarda.

Lahadi, 31 ga Agusta, bayan la'asar

Ta iso da taɓo har gefen zane, tana dariya wai ɗan acaɓa ya sauke ta a kwalbati ta tsallako da ƙafa. Na kai ta ta gaida mai unguwa, na nuna mata gidajen, na koma gidan Inna na zauna ina tsinke zogale kamar wadda aka kora daga aikinta.

Sai bayan azahar ta dawo. Ta yi salla, ta ci tuwo, ta gaida Inna gaisuwa mai kyau, har ta leƙa ɗakin Ihsan ta daɗe. Ni ina tsakar gida.

Da muka keɓe ta buɗe littafinta. Ba ta faɗi sunan kowa ba, ta ce ta yi musu alkawari. Wasu sun ce hanya, in damina ta yi. Wasu sun ce aikin gona. Amma abin da ya fi maimaituwa shi ne ɗakin. Ɗaki ɗaya ne, gadon awo a lungu, labulen da ke tsakani ya yage tun bara, kuma Malam Jalo yana shigowa ɗaukar allura daga firij. Duk abin da aka tambayi mace na kan benci suna ji. Kafin ta isa gida an san watan cikinta, an san ciwonta.

Na ce na san da labulen, na rubuta a kawo wani.

Ta ce, "Akwai kuma saura." "Sun ce kin iya aiki, hannunki yana da kyau. Amma muryarki tana da ƙarfi. Wata ta ce ke matar ƙanen babanta ce, ba za ta iya kwanciya a gabanki ba. Ba ko ɗaya da ta ce ba ta san amfanin awo ba, Anti. Ko ɗaya."

Na ce ta gama? Ta ce saura abu guda. Wai Ihsan ta ji abin da ya kawo ta, ta ce ita ma tana cikin waɗanda suka daina zuwa, a tambaye ta. Zaituna ta ɗauko biro, sai Ihsan ta ce a'a, Yaya take so ta yi mata tambayoyin da kanta.

Na raka ta bakin hanya. Ban ce mata na gode ba.

Litinin, 1 ga Satumba, da yamma

Muryata tana da ƙarfi. To da raɗa ake gaya wa mace jininta ya hau?

Talata, 2 ga Satumba, da azahar

Ranar awo. Na ji muryata.

Laraba, 3 ga Satumba, bayan la'asar

Na shiga.

Ihsan ta rame. Ɗakin yana warin hayaƙi da man zafi. Akwatin kayan jaririn da muka ɗinka yana saman kwaba, Inna ta rufe shi da zane. Na zauna a bakin gado da takardata kamar baƙuwa, na karanta mata bayanin farko, cewa ba dole ba ne, kuma ba za a sa sunanta ba. Ta ce ta ji.

Shekaru nawa? Ciki na nawa? Na fari. Sau nawa kika je awo? Ta faɗa. Me ya sa kika daina?

Ta kalli hannunta. "Ranar da ƙafata ta kumbura, kin tuna? Kika ɗaga zanena kika ce kowa ya kalli ƙafar wadda ba ta shan magani. Surukata tana kan benci, Yaya. Da ƙannen Musbahu biyu."

"Tsoro ne ya sa. Jininki ya hau sosai ran nan."

"Na sani. Ai ina shan maganin. Amai yake sa ni, na rasa yadda zan gaya miki a gaban mutane. Cikin fari ne, ko Inna ban iya yi wa maganarsa ba. Na ce in na huta mako ɗaya zan koma. Sai mako ya zama wata."

Na ce me ya hana ta zo gidana ta same ni? Ta ce ta zo sau ɗaya ran Asabar, aka ce ina Gwarzo.

Biro yana hannuna ban rubuta komai ba. Ta ce, "Rubuta mana. Ba don ki ji ciwo na faɗa ba. Ni ma ina da nawa laifin, ina kwana da shi ina tashi da shi. Amma na ji kina gaya wa Inna a tsakar gida wai taurin kai ne. Ba taurin kai ba ne." Sai can ta ce, "Ko fuskarsa ban gani ba. Na farfaɗo a Kano an riga an kai shi. Ke kin gani?"

Na ce na gani. Ta ce da wa ya yi kama? Na gaya mata.

Inna ta leƙo ta gan mu, ta saki labule ta koma.

Juma'a, 5 ga Satumba, da hantsi

Na yaga babi na huɗu na fara sabo. Ya fi na da gajarta, ya kuma fi wuyar rubutawa. Duk jimlar da na sa sai na tsaya na nemi wadda ta faɗe ta.

Ni da Malam Jalo mun kwashe kwalaye daga ɗan sito na baya, mun share, mun shigar da gadon awo. Yana da ƙofa mai sakata. Ya yi ta mita wai bayansa, wai ba a ɗauke shi aikin dako ba. Shekara da shekaru siton nan yana nan cike da kwalayen da ba komai a ciki.

Asabar, 6 ga Satumba, bayan magariba

Na ɗauka wannan karon Zaituna za ta ce ya yi. Ina. Jan biron bai ƙare ba.

Ta ce teburin ƙididdigar da na sa bai dace da bayanin da ke ƙarƙashinsa ba. Gaskiya ne, na gyara a take. Ta ce shawarwarina na babi na biyar har yanzu na tsohon babi ne, ina cewa a wayar wa mata da kai alhali binciken ya nuna kansu a waye yake. Shi ma gaskiya ne, na ji kamar in cije ta.

Sannan ta nuna wani layi. Na rubuta cewa wasu mata sun koka da halayyar ma'aikata. Ta ce, "Ma'aikata nawa ne mata a asibitin?"

"Kin sani."

"Mai karatu bai sani ba. Ba cewa na yi ki zagi kanki ba. Ki faɗa a babi na uku cewa mai binciken ita ce ma'aikaciyar, shi ya sa wata ta yi tambayoyin, kuma ɗaya daga cikin masu amsa 'yar'uwarta ce. In kika ɓoye, wani ya gano ranar kare aiki, duk sauran zai zube."

Na ce ita yarinya ce, ba ta san abin da take nema in rubuta ba. Ta ce, "Na sani, Anti. Na ga ɗakin." Idonta ya kawo ruwa, ta sunkuyar da kai tana juya biro.

Na karɓi biron daga hannunta na rubuta jimlar a gefen shafi da kaina. Ta karanta ta ce akwai waƙafi da ya yi yawa.

Laraba, 10 ga Satumba, da yamma

Na ɗauki hutun yini na je Jama'a. Hedimastan da ke yi wa Zaituna yawo da hankali ya ga farin kayana ya kawo kujera. Bokitan suna nan a ofis, har da ledarsu. Ta yi tambayoyinta, ni na yi shiru, abin da ba ƙaramin aiki ba ne a wajena. Mahaifiyarta ta cika mini leda da kuɓewa. Sabon babinta ya fi na da nesa ba kusa ba, ko da yake har yanzu tana son kalmar da ta fi bakinta girma. Na soke mata su.

Asabar, 13 ga Satumba, bayan la'asar

Malam Ubaidullahi ya karanta babina a gabana, bai ɗago kai ba har ya gama. Ya ce, "Wannan ba wanda na gani a watan jiya ba ne." Ya tambayi wa ya lura da matsalar waɗanda aka tambaya. Na ce Zaituna. Ya ce shi ya kamata ya gani tun farko, bai gani ba. Ya sa hannu, ya ce in kai a buga.

A waje ta tsaya tana jirana. Na ce ya sa hannu. Ta ce, "Kin gyara shafi na talatin?" Na ce Zaituna, don Allah ki bar ni in sha iska.

Na sa sunanta a shafin godiya. Ban gaya mata ba, kada ta gyara.

Litinin, 15 ga Satumba, bayan magariba

Na je gidan Inna na tarar da Ihsan a tsakar gida tana tankaɗe. Ta ce in zauna, tana da magana.

Wai Asta, amaryar maƙwabtansu, cikinta ya kai wata bakwai, ba ta taɓa zuwa awo ba, kuma jiya da ta shigo ɗebar wuta Ihsan ta ga fuskarta ta kumbura. Ta yi mata magana, yarinyar ta ce kunya take ji, ba ta san kowa a can ba.

"Gobe Talata ko?"

Na ce e.

"Zan rako ta. Na gaya wa mijinta, ya yarda."

Inna ta ce Ihsan ba ta daɗe da yin arba'in ba, jikinta bai yi ƙwari ba tukuna. Ihsan ta ce asibiti ne, ba biki ba. Inna ta kalle ni tana jira in goyi bayanta. Na ce su zo da wuri, kafin rana ta yi zafi.

Hijabin Ihsan yana cikin akwati tun watan jiya, duk ya yamutse. Na taho da shi gida, na zuba gawayi a dutsen guga.